Yadda Gwamnatoci Suka Miƙa Hannu Cikin Rumbunan Manhaja

Kusan kowace manhaja da ke aiki a waya ko kwamfuta a yau tana ɗauke da guntayen rubutun da wasu mutane suka yi kyauta suka ajiye a fili. Wurin ajiyar shi ne dandalin rumbunan manhaja, inda kowane aiki ke da rumbunsa, da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi masa, da fagen da masu aikin ke tattaunawa. Mafi girma a cikinsu shi ne GitHub, wanda aka kafa a San Francisco a 2008 bisa tsarin Git da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. An gina dandalin don injiniyoyi, amma rumbu yana karɓar kowane irin rubutu: maƙala, jerin sunaye, labarin jarida da aka goge a wani wuri. Daga nan gwamnatoci suka fara aiko da takardun neman a cire abu, aka kuma shiga tambayar da har yau ba ta da amsa guda: dokar wace ƙasa ce ke hawa kan rubutun da aka yi a wata ƙasa, aka ajiye a wata, ake karantawa a ko'ina?

Rigimar ta girmi GitHub. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Amurka tana lissafa manhajar ɓoye saƙo mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, waɗanda fitar da su waje sai da lasisi. Phil Zimmermann, wanda ya saki manhajar PGP a 1991, ya shafe shekara uku ana bincikensa bayan manhajar ta bazu a ƙasashen waje, kafin a ajiye binciken a 1996. A tsakani, maɗaba'ar MIT ta buga rubutun manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi, tun da dokar ba ta hana fitar da littattafai ba. A daidai lokacin wani ɗalibin lissafi a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, Daniel Bernstein, ya maka gwamnati a kotu, kuma a 1996 mai shari'a Marilyn Hall Patel ta yanke cewa rubutun manhaja magana ce da tsarin mulki ya bai wa kariya. Zuwa 2000 an sassauta dokar fitarwa ƙwarai. Masu rubuta manhaja sun fita daga wannan zamani da yaƙinin cewa aikinsu na cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Sai dai a 1998 Amurka ta kafa dokar haƙƙin mallaka ta DMCA, mai sassa biyu da za su yi tasiri nan gaba: sashe na 512, wanda ya kare dandali daga ƙara muddin ya gaggauta cire abin da aka yi ƙorafi a kai, da sashe na 1201, wanda ya haramta rarraba kayan karya makullin fina-finai da waƙoƙi.

Batun iyakar ƙasa kuwa a Faransa ya fara fitowa sarari. A 2000 ƙungiyoyin yaƙi da wariyar launin fata da ƙin jinin Yahudawa suka kai kamfanin Yahoo ƙara a birnin Faris, saboda shafinsa na gwanjo yana tallar kayan tarihin 'yan Nazi, abin da dokar Faransa ta haramta. Yahoo ya ce kwamfutocinsa suna Amurka, kuma ba shi da hanyar sanin daga ina mai kallo yake. Alƙali Jean-Jacques Gomez ya naɗa ƙwararru uku, ciki har da Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara intanet, suka ce ana iya gane kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shiga daga Faransa ta adireshinsu na intanet. Kotu ta ba kamfanin wata uku ya toshe wa Faransawa, in ba haka ba tarar faran 100,000 kowace rana. Yahoo ya cire kayan baki ɗaya a farkon 2001. Abin da ya rage daga shari'ar shi ne dabarar da aka tabbatar tana yiwuwa: a bar abu yana nan, a rufe wa mutanen ƙasa ɗaya ido.

A dandalin manhaja kuwa, an yi amfani da wannan dabara a babban mataki ne don bin dokar Amurka. A Janairun 2010 SourceForge, wanda shi ne babban rumbu kafin GitHub ya sha gabansa, ya rufe ƙofa ga masu shiga daga Kuba da Iran da Koriya ta Arewa da Siriya da Sudan saboda takunkumin kasuwanci. Ɗalibin kwamfuta a Khartoum ya wayi gari ba ya iya sauke manhajar da aka rubuta don kowa ya samu kyauta. Bayan ƙorafi ya yi yawa, a watan Fabrairu dandalin ya bar wa masu kowane aiki su zaɓa da kansu.

Ƙasar Sin ce ta fara gwada toshe GitHub ɗungurungum, a Janairun 2013. Toshewar ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Injiniyoyin ƙasar sun yi ca, Kai-Fu Lee, tsohon shugaban Google a Sin, ya rubuta a Weibo cewa matakin zai raba masu rubuta manhajar ƙasar da sauran duniya, aka yaɗa maganarsa sau dubbai. Dalilin da ya sa gwamnatin ta shiga tsaka mai wuya na fasaha ne. GitHub yana ɓoye duk zirga-zirgar da ke tsakaninsa da mai amfani ta hanyar HTTPS, don haka mai gadin iyakar intanet yana ganin cewa mutum ya shiga GitHub, amma ba ya ganin wane shafi ya buɗe. Ba a iya toshe shafi ɗaya daga waje. Ko dai a rufe duka, kamfanonin ƙasa da jami'o'inta su tsaya cik, ko a bar duka. Rufewa kuwa daidai take da ƙona rumbu don kashe ɓera. 'Yan gwagwarmaya sun gane wannan da wuri, suka mayar da dandalin maɓoyar rubuce-rubucen da aka haramta a gida.

Rasha ce ta samo hanya ta uku, kuma abin da ya faru tsakaninta da GitHub a ƙarshen 2014 shi ya zama tsarin da ake bi har yanzu. Tun Nuwamban 2012 ƙasar take da kundin haramtattun shafuka a ƙarƙashin hukumar Roskomnadzor, da sunan kare yara daga batsa da miyagun ƙwayoyi da koyar da kashe kai. Wasu masu adawa da dokar suka ɗora rubuce-rubuce a GitHub masu lissafa hanyoyin kashe kai, galibinsu na zolayar dokar ce. A 2 ga Disamban 2014 hukumar ta sa dandalin a kundin, kamfanonin sadarwa suka rufe shi baki ɗaya tun da ba su da wata hanya. GitHub yana da zaɓi uku: ya yi biris, Rashawa su rasa dandalin; ya goge rubutun ga duniya baki ɗaya, wato dokar Rasha ta zama dokar kowa; ko ya ɓoye fayilolin ga masu shiga daga Rasha kawai. Ya ɗauki na uku, ya kuma ƙara abu ɗaya: yana wallafa kowace takardar da hukumar ta aiko a wani rumbu na musamman. Cikin 'yan kwanaki aka sake buɗe dandalin a Rasha.

Daga nan ƙa'idojin kamfanin suka kankama. Takarda sai ta fito daga hukumar gwamnati da aka tabbatar, sai ta nuna ainihin abin da take magana a kai, sai ta ambaci dokar da aka karya ko umarnin kotu. In ta cika waɗannan, ana sanar da mai rumbun, a ba shi damar ɗaukaka ƙorafi, a taƙaita toshewar ga ƙasar da ta nema, sannan a wallafa takardar. Tsari ne mai amfani, domin ya hana tacewar ɓoye, wadda ita ce mafi muni. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: aikin da gwamnati ta kasa yi da na'urorinta, kamfanin ne yanzu yake yi mata daga ciki, kuma mutanen da aka ɓoye wa rubutun su ne waɗanda aka rubuta shi dominsu.

Wasu ƙasashen sun ci gaba da amfani da gatari. A Disamban 2014 ɗin dai Indiya ta umarci a toshe shafuka 32, ciki har da GitHub da Vimeo da ma'ajiyar Internet Archive, bisa zargin suna ɗauke da farfagandar ƙungiyar ISIS, aka janye na GitHub a ƙarshen watan. A Oktoban 2016 Turkiyya ta rufe shi tare da Dropbox da Google Drive na ƙasa da kwana ɗaya, bayan 'yan kutsen RedHack sun saki saƙonnin imel na ministan makamashi na lokacin Berat Albayrak, surukin Shugaba Erdoğan.

Abin da ya faru a Maris na 2015 ya bambanta da duk waɗannan. Ƙungiyar GreatFire, mai sa ido kan tace intanet a Sin, tana da rumbu a GitHub mai nuna hanyar kaiwa ga shafukan da aka toshe, akwai kuma wani mai kwafin jaridar New York Times ta harshen Sinanci. Daga 26 ga wata sai ambaliyar buƙatun bogi ta afka wa waɗannan shafuka biyu, har kamfanin ya ce shi ne hari mafi girma da ya taɓa gani zuwa lokacin. Masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun gano yadda aka yi: duk wanda ke wajen Sin ya buɗe shafin da ke ɗauko wani ɗan rubutu daga kamfanin Baidu, wata na'ura a bakin iyakar intanet ta Sin tana iya musanya rubutun da wani, sai burauzar mutumin ta shiga buga ƙofar GitHub ba tare da saninsa ba. Sun sa wa na'urar suna Great Cannon, suka kuma nuna tana zaune wuri ɗaya da katangar tacewa ta gwamnati. Gwamnatin Sin ba ta amsa cewa ita ce ba. GitHub bai cire rumbunan ba, harin ya lafa bayan kusan kwana biyar.

Shekara guda bayan haka Sin ta bi ta hanyar takarda. A Yunin 2016 ƙungiyar tsaron intanet ta ƙasar ta nemi a cire wani rubutu a rumbun Zhao, inda wani marubuci mai ɓoyayyen suna Program-Think yake tattara alaƙar dangi da dukiya tsakanin manyan gidajen jam'iyyar Kwaminis. Rubutun yana ɗauke da zargi a kan Shugaba Xi Jinping. GitHub ya toshe ga masu shiga daga Sin, ya kuma haɗe takardun gwamnatoci duka a rumbu ɗaya mai suna gov-takedowns. A shekarar ne hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta IETF ta wallafa lamba 451, wadda shafi ke nunawa idan an hana shi saboda dalilin doka. Tim Bray ne ya kawo shawarar, lambar kuma ta fito daga sunan littafin Ray Bradbury kan ƙona littattafai. Amfaninta shi ne mai karatu ya san an hana shi ne, kada ya zaci layi ne ya lalace.

Ba ƙasashen kama-karya kaɗai ke aiko da takarda ba. A Oktoban 2019, bayan kotun ƙolin Sifaniya ta yanke wa jagororin 'yan awaren Kataloniya ɗaurin shekara 9 zuwa 13, ƙungiyar Tsunami Democràtic ta tara dubban mutane har suka tsayar da filin jirgin saman Barcelona. Manhajar wayar da take shirya zanga-zanga da ita a GitHub ake sauke ta. Rundunar Guardia Civil ta rubuto cewa ana binciken ƙungiyar kan ta'addanci, aka toshe manhajar a Sifaniya.

Inda gwamnati ta kasa kaiwa ga rumbu, takan kai ga mai shi ko ga ƙofar shiga. A Maris na 2019 injiniyoyin Sin suka buɗe rumbun 996.ICU don kokawa da aikin ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare kwana shida a mako. Ba a toshe GitHub ba, burauzocin cikin gida irin na Tencent da Qihoo 360 ne suka daina buɗe shafin. A Afrilun 2020 aka kama Chen Mei da Cai Wei, matasan da ke adana labaran annobar korona da aka goge a rumbun Terminus2049, aka ɗaure su wata 15. Marubucin Program-Think, wanda ya shafe fiye da shekara goma ba a san ko wane ne ba, an kama shi a Shanghai a Mayun 2021. Sunansa Ruan Xiaohuan, kuma a 2023 aka yanke masa shekara bakwai. Rumbunan suna nan, masu su ne suka biya.

Duk waɗannan umarnai iyakarsu ƙasar da ta bayar. Doka ɗaya ce take hawa kan kowa a dandalin, ita ce ta ƙasar da kamfanin yake zaune. A Yulin 2019 masu amfani da GitHub a Iran da Siriya da yankin Kirimiya suka tarar an rufe musu rumbunansu na sirri ba tare da gargaɗi ba, saboda takunkumin ofishin OFAC na baitulmalin Amurka. Shugaban kamfanin na lokacin, Nat Friedman, ya ce abin ya yi musu ciwo amma dole su bi doka. Kamfanin ya nemi lasisi, ya samu na Iran a Janairun 2021. Bayan mamayar Yukren a 2022 an dakatar da asusun wasu injiniyoyin da ke da alaƙa da kamfanonin Rasha da aka sa wa takunkumi, irin su Sberbank da Alfa-Bank.

Haka dokar haƙƙin mallaka take. A 23 ga Oktoban 2020 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta nemi a cire youtube-dl, manhajar sauke bidiyo da 'yan jarida da masu adana tarihi ke amfani da ita, bisa sashe na 1201, tana kuma kafa hujja da wani hukuncin kotun Hamburg ta Jamus. Aka cire ta ga duniya baki ɗaya. Bayan gidauniyar EFF ta rubuta martanin cewa manhajar ba ta karya wani makulli, GitHub ya dawo da ita a 16 ga Nuwamba, ya ware dala miliyan ɗaya don kare masu rubuta manhaja a irin wannan ƙara. Kamfanonin waƙar suka koma Jamus suka kai ƙarar Uberspace, ƙaramin kamfanin da ke riƙe da shafin manhajar, kotun Hamburg kuma ta ba su gaskiya a 2023. Manhaja ɗaya, halal a rumbunta na Amurka, haram a shafinta na Jamus.

Shari'ar Tornado Cash ta dawo da tsohuwar tambayar zamanin Bernstein. A 8 ga Agustan 2022 OFAC ya sa takunkumi kan wannan manhaja mai ɓatar da sawun kuɗin kirifto, yana cewa an wanke fiye da dala biliyan 7 ta cikinta, har da miliyan 455 da 'yan kutsen Lazarus na Koriya ta Arewa suka sace. GitHub ya goge rumbunan, ya rufe asusun wasu daga cikin masu aikin. Farfesa Matthew Green na Jami'ar Johns Hopkins ya sake ɗora rubutun don koyarwa da bincike. A Satumba OFAC ya fayyace cewa karanta rubutun ko wallafa shi ba laifi ba ne, aka dawo da rumbunan don karatu kawai. Holand ta kama ɗaya daga cikin marubutan, Alexey Pertsev, ta ɗaure shi wata 64 a 2024. A Nuwamban shekarar wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce OFAC ya wuce huruminsa, aka cire takunkumin a Maris na 2025.

Kotunan duniya ba su daidaita kan nisan da umarni zai iya kaiwa ba. A 2017 kotun ƙolin Kanada, a shari'ar Equustek, ta umarci Google ya cire wasu shafuka daga bincikensa a duk duniya, sai wata kotu a Kaliforniya ta ce ba za a zartar da umarnin a Amurka ba. A Satumban 2019 kotun Tarayyar Turai ta ce dokarta ba ta tilasta wa Google goge sakamakon bincike a wajen Turai ba, amma bayan kwana tara, a ƙarar wata 'yar siyasar Austriya kan Facebook, ta ce kotun ƙasa na iya ba da umarnin cirewa a duniya. Akwai kuma lokacin da tazarar hurumi take cutar da wanda aka zalunta. A Yulin 2021 da Janairun 2022 an ɗora manhajojin Sulli Deals da Bulli Bai a GitHub, masu nuna hotunan matan Musulmin Indiya, 'yan jarida da 'yan gwagwarmaya, kamar kayan gwanjo. Kamfanin ya cire su, amma samun bayanan wanda ya ɗora ta farkon sai da ya bi doguwar hanyar yarjejeniyar taimakon shari'a tsakanin ƙasashe, ba a yi kamu ba sai bayan ta biyun ta fito.

Wannan jinkiri da wannan rashin iko su suka tura gwamnatoci ga neman kamfanoni su buɗe ofis a cikin gida, da wakilin da za a iya kamawa. Indiya da Rasha sun kafa irin waɗannan dokoki a 2021, kuma yin rajista da naɗa wakili na cikin sharuɗɗan da Najeriya ta gindaya kafin ta ɗage dakatarwar Twitter a Janairun 2022. Sin ta bi wata hanyar, ta raya nata dandalin: a 2020 ma'aikatar masana'antu ta goyi bayan Gitee, a Mayun 2022 kuma Gitee ya rufe rumbunan fili sai an duba su da hannu kafin a sake buɗewa. A Turai wasu masu aikin sa kai sun koma Codeberg, ƙungiya mai zaman kanta a Berlin, wadda ita ma tana ƙarƙashin dokar Jamus. Tsarin Git kansa yana rage ƙarfin kowane umarni, domin duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafi tarihinsa gaba ɗaya, shi ya sa youtube-dl ta bayyana a ɗaruruwan wurare cikin kwanakin da aka cire ta. Abin da ba ya kwafuwa shi ne matsayin mutum a cikin aikin. A Oktoban 2024 aka cire kimanin mutum goma sha biyu masu alaƙa da Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux saboda dokokin takunkumi, Torvalds kuma ya ce ba za a janye matakin ba.